Titin bakin Misisifi ko tsohon titin Kolumbiya, wanne ya fi daɗin farautar akwati?

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce hutu ya zo kana son ka ɗauki iyali ku yi wasan nan na geocaching a hanya mai kyan gani wadda kuma yara za su tsinci tarihi, amma ka rasa tsakanin titin bakin kogin Misisifi daga Alton zuwa Grafton a jihar Ilinoi da tsohon titin bakin kogin Kolumbiya a Oregon. To ni dai amsata a taƙaice, in akwatin kake nema da gaske kuma da ƙananan yara ka tafi Ilinoi, in ido kake son ya sha kallo ka tafi Oregon. Bari in faɗi dalili.

Ga waɗanda ba su san wasan ba tukuna, wani ne zai ɓoye ɗan gwangwani ko robar abinci a wani lungu, ya sa takardar rajista a ciki wani lokaci har da tarkacen wasan yara, ya ɗora lambobin GPS na wurin a manhajar Geocaching, kai kuma ka bi da wayarka ka nemo, ka rubuta sunanka da kwanan wata ka mayar daidai inda ka gani. In ka ɗauki abu ka ajiye wani a madadinsa, shi ke nan. Ba a binnewa a ƙasa kuma ba a sa abinci.

Oregon ɗin ita ce mahaifar wasan, wannan kam ba gardama. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS da gangan, ranar 3 ga wata wani Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti kusa da Beavercreek a kudu da Portland don ya gwada ko mutane za su iya nemowa, har da gwangwanin wake a ciki. Yanzu akwai allon ƙarfe na tunawa a wurin, 'yan wasan na zuwa daga ƙasashe daban-daban su ɗauki hoto. Amma fa ba a kan titin kogin yake ba, sai ka ware masa tafiyarsa daban, kuma bakin titin ƙauye ne kawai ba wani abin kallo.

Shi titin Kolumbiya an gina shi ne tsakanin 1913 da 1922, kusan mil 75 daga Troutdale zuwa The Dalles, injiniya Samuel Lancaster ya tsara shi don mutum ya tafi a hankali yana kallo, shi ya sa duk kwana-kwana ne da gadoji da katangar dutse. Ka tsaya a Vista House, ginin tsayawa kallo da aka gama a 1918 a saman dutsen Crown Point ka hango kogin can ƙasa, ka gangara Multnomah inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 189, wallahi kyau dai iya kyau. Matsalar ita ce abin da ya sa wurin kyau shi ne ke ɓata farautar. Kana ƙarƙashin dogayen bishiyoyi ga katangar dutse a gefe, alamar GPS ɗinka sai ta dinga tsalle, ta ce saura mita 3 ka taka ɗaya ta ce 15, kana ta zagaye kututture mai gansakuka yara sun fara ƙorafin yunwa. Sannan ga cunkoso, da bazara neman wurin ajiye mota kaɗai aiki ne har Multnomah sai da ta koma ana yankar izinin shiga na lokaci, kuma wasan nan ba ya son idon jama'a don in wanda bai san shi ba ya ga inda ka mayar da akwatin to gobe babu shi. Ga kuma hanyoyin ƙafa da yawa hawa ne mai gangara a gefe, wasu ma an daɗe da su a rufe bayan gobarar Eagle Creek ta 2017 wadda wani matashi ya tayar da wasan wuta.

Tarihin can mai nauyi ne amma ba ka ganinsa da ido, yana ƙarƙashin ruwa. Gaba da The Dalles akwai Celilo, inda 'yan asalin ƙasar suka shafe dubban shekaru suna kamun kifin salmon suna cin kasuwa, ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin madatsar The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya shanye wurin. Yaro ɗan shekara bakwai zai ga shimfiɗaɗɗen ruwa ne kawai sai ka yi ta bayani.

Na Ilinoi kuma ɗan guntu ne daga cikin Great River Road da aka ƙirƙiro a 1938, mai bin Misisifi kusan mil 3,000 ta jihohi 10, za ka dinga ganin koren allo mai hoton sitiyarin jirgin ruwa. Daga Alton zuwa Grafton mil 15 ne ko kusa da haka a kan hanya mai lamba 100, kogi a hagu fararen duwatsu a dama, shimfiɗe take kuma ga hanyar keke a gefe har zuwa gandun Pere Marquette, to ka ga ko da keken jariri za ku iya. Sama a buɗe take ta ɓangaren kogi, waya ba ta cika ruɗewa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tarihin yana tsaye a gabanka kana iya nuna wa yaro da yatsa. Kana fita Alton ga zanen dodon tsuntsun Piasa a jikin dutse, na yanzu sabon zane ne amma Marquette, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya biyo kogin a 1673, ya rubuta cewa ya ga zanen dodanni a duwatsun wurin. A cikin gari ga hasumiyar tunawa da Elijah Lovejoy, ɗan jaridar da 'yan tarzoma suka kashe a 1837 saboda yana rubutu kan a daina bautar da bayi, suka farfasa injin ɗab'insa suka watsa a kogi. Ga dandalin da Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da abokin takararsa na kujerar Sanata Stephen Douglas suka yi muhawararsu ta ƙarshe a Oktoban 1858, ga mutum-mutumin Robert Wadlow, mutumin da ya fi kowa tsayi da aka taɓa aunawa, mai tsayin mita 2.72, nan kam yara sai ka ja su da ƙyar. Ka duba jikin rumbunan hatsin bakin kogi akwai jan layi da ke nuna inda ambaliyar 1993 ta kai, ka tsaya a ƙasansa ka ɗaga kai za ka gane Misisifi ba abin wasa ba ne. Su kuma masu ɓoye akwati sun fi son irin waɗannan wuraren, sau da yawa bayanin akwatin a manhaja shi kansa darasin tarihi ne. Wani abin dariya, Lewis da Clark, masu binciken ƙasa da gwamnatin Amurka ta tura su ratsa yamma, daga nan kusa da Wood River suka tashi a Mayun 1804 suka isa Kolumbiya a Oktoban 1805, wato duk wadda ka zaɓa sawunsu kake bi, ɗaya mafari ɗaya kusa da ƙarshe.

Hanyar Ilinoi ɗin ita ma tana da nata matsalolin, da zafi akwai sauro da kaska da ciyawa mai sa ƙaiƙayi, a sa dogon wando da takalmi rufaffe, kuma in ruwa ya ƙaru ana rufe hanyar kamar yadda aka yi a 2019, akwatunan ƙasa-ƙasa ma ruwa ke tafiya da su. Kafin ka nufi kowanne ka karanta rahoton waɗanda suka je na ƙarshe, in mutum uku a jere sun ce ba su gani ba ka wuce kawai. Kaka ta fi, ganye ya canza launi ba sauro, da hunturu kuma gaggafa ke cika wurin.

Sai wata magana tsakaninmu, mu baƙi ne kuma baƙar fata, mutum yana leƙe-leƙe a bayan allon hanya a ƙauyen Amurka ba kowa zai fahimta ba, an sha kiran 'yan sanda kan akwatin wasan nan ana zaton bam ne. Ku je da rana, kar ku tsallaka shingen kowa, wanda ya tambaya ka nuna masa manhajar ka yi masa bayani da fara'a. Ka fara da akwatunan da manhajar ta ba tauraro 1 ko 2 a wahala, wato masu sauƙi, ka sauke taswirar tun daga gida, kuma ka riƙe biro a aljihu don ƙananan gwangwanayen ba sa zuwa da shi.