Ƙugin sifika: soket ɗaya ko na'urar raba layi?

Kafin ka kashe ko kwabo, cire duk wayoyin sauti da ke shiga amfilifaya, ka bar sifika kawai. In ƙugin ya tsaya, mayar da su ɗai-ɗai har ka gano mai jawo shi. Yawanci na'urori biyu ne kowace da hanyar at ɗinta (at shi ne layin kariya da ke kai wuta ƙasa), sai wata 'yar wuta mai bugun 50 a daƙiƙa ta biyo ta rigar ƙarfe ta wayar RCA, wato wayar sauti mai jan kai da farin kai.

Hanya ta farko ita ce a haɗa amfilifaya, talabijin da dikoda duka a ekstenshan ɗaya mai baki uku. Kusan kyauta ce, ba ta taɓa sauti, kuma ita na fi so a fara gwadawa. Amma ba ta magance wayar dish, domin ita tana iya shigowa da nata at ɗin daga waje.

Nan ne na'urar raba layi ke da amfani. Ƙaramar taransifoma ce da ake sawa tsakanin dikoda da amfilifaya. Sauti ya wuce, wutar ƙugi ta tsaya. Mai araha takan rage kaurin bes.

Kada a karya ƙafar at ta filogi. Ƙugi zai iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, mutum za ta kama. In kuwa ƙugin bai tsaya ba bayan an cire komai, sai a kai wa mai gyara ya duba kafasitocin amfilifayar.