Naira 141,000 na tura masa, yashi ya aiko min

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara da dawowarmu daga Maiduguri, har yanzu in na kwanta sai maganar nan ta hana ni barci. Na so in yi shiru don abin da kunya, amma jiya da daddare na ga mutumin da ya damfare ni da kayan jabu ya sake buɗe shafi a Facebook da wani sabon suna. Hotunan kayan su ne dai, har da hoton shagon da ya nuna min. Wani bawan Allah ma na ga yana tambayarsa kuɗin fawa banki a ƙasa. Shi ya sa na ce wallahi sai na faɗa.

Naira 141,000 na tura masa. Dubu ɗari da arba'in da ɗaya, ana tsakiyar hidimar biki, lokacin da ko naira dubu ɗaya tana da wurin zuwanta.

Ƙanwata aka aurar, ni aka ɗora wa kai amarya Maiduguri daga Kano. Motata ba za ta iya wannan tafiyar ba, sai na ɗauki shatar Sienna ta kwana uku da direbanta. Mu bakwai ne: ni, Gwaggo, innoninmu biyu, amarya, ƙawarta, sai direba. Wanda ya san hanyar ya san ba wasa ba ce, kusan kilomita 600, ka bi Wudil, Kiyawa, Jama'are, Azare, Potiskum, Damaturu, sannan ka shiga Maiduguri, kuma kowa ya san ba a son yamma ta yi wa mutum tsakanin Damaturu da Maiduguri. To ku gaya min, laifi ne in ce kada wayoyinmu su mutu a irin wannan hanya? Laifi ne? Mai motar da bakinsa ya ce min duk ƙwarzanen da aka samu a jikinta ni zan biya, shi ya sa na ce bari in sa kyamara a gilashin gaba ta riƙa ɗaukar hanya. Ina da aikin ofis da zan miƙa ranar Litinin, shi ya sa na nemi infata, na'urar nan da ke juya wutar mota ta volt 12 ta koma irin ta gida a jona kwamfuta. Babu abu ɗaya da na saya don gayu. Kowanne da dalilinsa.

Fawa banki biyu, kowanne 28,000, an rubuta 50,000 mAh a jikinsu, wato yawan cajin da suke riƙewa. Cajar mota mai baki uku 9,500. Kyamara 35,000, memori mai GB 128 na 12,000, infata 22,000, kuɗin aikowa 6,500. Ku haɗa ku gani. 141,000.

Masu cewa me ya hana ni zuwa kasuwa, na je. Da ƙafata na je kasuwar waya ta Farm Centre ranar Asabar ɗin da ta gabaci biki, na taya, na ga kuɗin mai 20,000 mAh ya kusa kai na mai 50,000 ɗin da mutumin nan ke talla. Na ce bari in dawo. Ban samu komawa ba, ga kayan ɗaki, ga masu girki, ga baƙi daga ƙauye. A cikin wannan ruɗanin ne na yi masa magana. Ba kwaɗayin araha kaɗai ba ne, lokaci ne ya ƙure min.

Kuma ban tura kuɗi haka kawai ba, wannan nake so a gane. Sai da na duba shafinsa, na karanta maganganun mutane suna godiya. Na ce ya kira ni ta bidiyo, ya kira. Ya zagaya da waya ya nuna min kanta cike da kwalaye, ya ɗauko fawa bankin ya jona wata waya a gabana, na ga tana caji. Muna cikin magana sai na ji kiran sallar La'asar ta bayansa, ya ce, "Yaya, yi haƙuri, bari in yi sallah in dawo, ciniki ba ya wuce sallah." Ya kashe. Bayan minti ashirin ya sake kira.

A nan ya gama da ni. Na sha juya wannan wuri a raina, ya fi sau ɗari. "Yaya, bari in yi sallah in dawo." Da ya dawo na ce masa kai amarya za mu yi, tafiya ce mai nisa, da tsofaffi a motar, don Allah kada ya ba ni abin da zai ba ni kunya. Ya ce, "Haba Yaya, ni ma ina da ƙanne mata. Wallahi ba zan ci haƙƙinka ba. Ka tura rabi, in kaya sun hau mota ka cika." Mutumin da ya katse ciniki don sallah, ya rantse, kuma shi da kansa ya ce a biya rabi, wa zai zarge shi? Ku da kuke karantawa, ku faɗi tsakaninku da Allah, da ku ne za ku ce ɗan damfara ne?

Na tura 70,000 ranar Talata. A'a, Litinin ce da yamma, don a ranar aka kawo gado, ina tsaye a ƙofar gida na tura. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne da ke zama a shago, nasa asusun ya cika. Na ji wani ɗar a raina, na kuma danne, saboda muryar nan da ta ce bari in yi sallah. Ranar Laraba ya turo hoton kwali an naɗe da sunana a jiki, na cika 71,000. Saba'in da saba'in da ɗaya. Kaya ba su iso tasha ba sai Alhamis bayan Isha'i, mu kuwa da Asubar Juma'a za mu tashi. Yanzu na gane da gangan ya ja lokacin, don tun ranar farko na gaya masa ranar tafiyarmu. Ni da bakina na gaya masa.

Yashi fa, jama'a. Da muka dawo na kai fawa bankin wajen wani mai gyara, ya ɓalle murfin a gabana. Gurbin batir huɗu ne a ciki. Ɗaya ne kawai ke da batir, shi ma tsoho, an kankare rubutun jikinsa. Sauran ukun 'yan ƙullin leda ne cike da yashi, an manne su da gam don abu ya yi nauyi a hannu. Na biyun ma haka. Mai gyaran ya ce irin waɗannan batura masu kama da yatsa, mafi kyawunsu ba ya wuce 3,500 mAh, ke nan kafin a tara 50,000 sai an jera kamar goma sha biyar, nauyinsu ya doshi kilo guda, ba abin da zai shiga aljihun riga ba ne. Ya ce ko na gaskiya ne ba ya ba ka duk abin da aka rubuta, domin batirin volt 3.7 ne, waya kuma volt 5 take karɓa, wajen juyawar kusan kashi ɗaya cikin uku ke tafiya. Mai 20,000 na ƙwarai zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu da ɗoriya. Shi kuwa mai kayan sau goma ya ce min nasa zai yi. Sau goma! Ta ina zan san wannan lissafi? Ni ba injiniya ba ne. Abin da aka rubuta a kwali na karanta, kamar yadda kowa ke yi.

Alama ɗaya na gani a daren Alhamis ɗin, ita ce ke cin raina. Na jona su a wuta, ko awa ɗaya ba a yi ba fitilu huɗun suka cika. Na yi murna, na ce ashe da cajinsu suka zo. Abu mai girma haka ya kamata ya kwana a wuta.

Bari in koma kan hanya. A Wudil aka fara, ranar kasuwa ce, ga cunkoso wajen gada, wani mai adaidaita ya goge mana gefen gaba ya wuce. Direba ya so ya fita, na ce masa, "Malam, bar shi, kyamara ta ɗauka." Da ƙarfin gwiwa na faɗa. Kafin mu kai Kiyawa wayata da ke jikin cajar ta yi zafin da ba a iya riƙe ta, na cire, daga nan ba ta sake karɓar caji ba. Ƙawar amarya ta jona tata a fawa banki, minti ashirin ya ɗauke. Na ba ta na biyun, ko Jama'are bai kai mu ba. Duk da haka ban haƙura ba, da muka wuce Azare na ce bari in taɓa aikin ofis, na soka infata a ramin cajin gaban mota. Sai wani ƙauri, sai hayaƙi siriri. Gwaggo ta fara salati, direba ya gangara gefen titi. Fiyus ya ƙone, bakin ramin ya narke, rediyo ya ɗauke. Direban ya ce ba zai ƙara tafiya mai nisa ba sai an duba, motar ba tasa ba ce, kuma gaskiyarsa. Muka lallaɓa har Potiskum. Mai wayarin da ya buɗe infatar ya nuna min wayoyi biyu tsirara suna taɓa juna. An rubuta wat 500 a jiki, ya ce ramin nan na mota ma abin da zai iya bayarwa bai wuce wat 120 zuwa 150 ba, duk mai sayar da irin wannan ya ce a soka a nan bai damu da ran mutane ba. 8,000 na biya, ga sallar Juma'a, ga neman fiyus, sama da awa uku suka tafi.

Da muka isa Damaturu rana ta yi sanyi. Direba ya ce ba zai shiga hanyar Maiduguri ba, ni ma ba zan ce ya shiga ba. Amarya ta kwana a Damaturu, a gidan wasu 'yan uwan innarmu da ba su san da zuwanmu ba. Can kuwa dangin ango sun yi girki, sun tara mata, suna jira. Da ƙaramar wayar direba mai madannai muka kira muka ba da haƙuri. Hajiya a Kano tun azahar take neman layina ba ya shiga, ƙanena ya ce min har kuka ta yi, ta ɗauka wani abu ya same mu a hanya. Gwaggo ba ta yi min faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ai da ka bar mu da 'yar cajarmu ta gida." Gara a ce zagina ta yi. Ƙanwata kuwa har muka baro ta ba ta ce komai ba, ni ma na kasa haɗa ido da ita.

Na manta ban faɗi na memori ba. Da muka mayar da mota, mai ita ya ga gogewar nan ta Wudil, na ce ina da shaida. Muka sa memorin a kwamfuta a gabansa. Sunayen bidiyon suna nan reras, amma ko ɗaya na safiyar ba ya buɗewa. Ashe GB 8 ne, aka yi masa dabara yake nuna 128, in ya cika sai sabon ɗauka ya riƙa taka na baya. Na tsaya kamar maƙaryaci a gaban mutum. 30,000 ya yanka min na fenti. Gyaran wayata 25,000. Ga 8,000 na Potiskum. Duk wannan ban da 141,000 ɗin.

Na kira mai kayan tun daga Damaturu, da wayar direba. Ya ɗauka, har da "Subhanallahi Yaya, kamfani ne suka cuce mu, ka dawo da su a canza." Ranar Lahadi ya ce yana wajen jana'iza. Ko Asabar ce, na rikice, zan duba. Litinin dai na wayi gari ya toshe ni a WhatsApp, layin a kashe, shafin ya ɓace. Adireshin shagon da ya ba ni na sa wani abokina da ke garin ya je, ya tarar mai ɗinki ne a wurin, shekararsa shida, bai taɓa jin sunan ba. To shagon wa ya nuna min a bidiyo? Kiran sallar da na ji fa, a wane masallaci ne? Ya yi sallar ma kuwa, ko zama ya yi yana ƙirga minti ashirin? Wannan tambayar ce ta fi kuɗin ci min rai.

Na je banki na cike takarda, na kai rahoto wajen 'yan sanda, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Komai yana hannuna: hirarmu daga farko har ƙarshe, saƙon muryar da ya rantse, rasit biyu na 70,000 da 71,000, bidiyon da mai gyara ke zazzage yashin a kan tebur. Zan ɗora hotunan yau da daddare in sha Allah, sai na rufe lambar gidanmu da ta fito a ciki tukuna.

Ku dai kada ku biya kuɗin kayan da ba ku riƙe a hannu ba. In sunan asusu ya saɓa, ku tsaya. Ku gwada komai kwana uku kafin tafiya, memori a cika shi da bidiyo a buɗe na farkon, kuma kada ku soka wani abu a motar haya sai direba ya gani. Kada ku gaya wa mai kaya ranar tafiyarku.

Ƙullin yashin guda shida suna nan a aljihun tebur ɗina, ban zubar ba, an ce in ajiye don shaida. Mai mota kuma na ba shi 15,000, saura 15,000 sai ƙarshen wata. Ban yafe ba. Wallahi ban yafe ba.