Maɓallin taƙaita gudu ko jami'i mai na'ura?

Masu sha'awar tseren mota a Kaduna sun fi zuba kuɗi a inji da taya, alhali layin gyara, inda motoci ke shiga ana tsaka da tsere a canza musu taya, makanikai na tsaye babu kariya, shi ne wurin hatsari. Babbar gasar tseren mota ta duniya, Formula 1, ta sa dokar taƙaita gudu a wannan layi a 1994, bayan tayar motar direba Michele Alboreto ta ɓalle a filin tseren Imola na Italiya ta raunata makanikai. Yanzu iyakar kilomita 80 ce a awa, a tseren Monako kuwa 60.

A tseren masu yi don nishaɗi fa, wa zai tsare dokar?

Hanya ɗaya ita ce maɓalli a sitiyari. Direba ya danna, kwamfutar inji ta hana motar wuce iyaka. Ba ta gajiya, ba ta san ɗan wane ba. Sai dai tana da tsada, tsohuwar Golf da aka harhaɗa a Panteka ba ta zo da ita ba. In direba ya manta bai danna ba kuma, shi ke nan.

Ɗaya hanyar ita ce jami'i riƙe da na'urar auna gudu, irin ta 'yan Road Safety. Guda ɗaya ta ishi kowa. Amma mota ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma in an tsaya da ita a karkace sai ta nuna ƙasa da ainihin gudun. Ga kuma "haba yallaɓai, a yi haƙuri mana".

Duk da haka jami'i mai na'ura zan zaɓa, muddin an rubuta hukunci tun kafin a tashi: wanda ya zarce, ya sake ratsa layin a hankali, abokan karawarsa na wuce shi.