Gawayin kwakwa ko gawayin ƙashi: wanne zai gyara ruwan rijiya?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce ruwan rijiyarsu yana wari, haƙoran yaransa kuma sun fara yin ja-ja. Yana tambaya: gawayin tace ruwa na kasuwa zai saya, ko na ƙashi da ya ji ana yabo?

Malam, matsala biyu ka kawo, kowacce da nata gawayin. Aikinsu duka kamu ne: abin da ya narke a ruwa yana liƙewa a jikin gawayin, kamar ƙarangiya a ƙafar wando.

Na kasuwar, ɓawon kwakwa ko itace ake ƙonawa, a bi shi da tururi a zafin digiri 800 zuwa sama, har ya huhhuje da ramukan da ido ba ya gani. In aka shimfiɗa cikin ramukan giram ɗaya kacal, sai ya haura murabba'in mita 500. Da su yake kama wari, kulorin, rini da ragowar maganin feshi. Kada kuma a ce za a ɗebo na murhu a daka, bai kama ƙafar wannan ba. Amma fuloraid, wani sinadari da ake samu a ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda yawansa ke rina haƙoran yara, ratsa shi yake yi ya wuce.

Nan na ƙashi ya fi shi. Ramukansa ba su kai ba, sai dai yawancin jikinsa kalsiyam ne da fosfet, su kuwa suna riƙe fuloraid da dalma gam. A Nakuru ta Kenya da wasu sassan Habasha, inda fuloraid ya zarce miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, an daɗe ana tace ruwan sha da shi. In ƙunar ba ta yi daidai ba, ruwan yakan fito da ƙauri. Ni dai zan fara tambayar ƙashin wace dabba ce.

Don wari, ɗauki na kwakwa. Don haƙora, na ƙashi, amma sai an kai ruwan an auna tukuna, kada ka kashe kuɗi a kan zato. Ka sani duka biyun suna ƙoshi, daga nan ba sa kama komai sai an sauya. Ba sa kashe ƙwayoyin cuta, tafasawa kuma ba ta cire fuloraid ko dalma.

In ana niƙa dutsen zinariya kusa da ku, maganar ta wuce tace ruwa, don dutsen na iya ƙunsar dalma. A Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma, mafi yawa ta ƙura da ƙasar tsakar gida ta shige su. A ƙauyukan Dareta da Bagega na jihar sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa.