Sambal na ƙarfe ko na roba mai kuran?

Ƙanena da ka tambaya jiya wane sambal, faifan nan da ake bugawa da sanda, za ka sa ma bateri ɗinka, wato jerin gangunanka na kiɗa, na ƙarfe ko na roba da ake jonawa ga modil, ɗan akwatin da ke fiddo sauti, ka yi haƙuri sai yanzu na samu zama.

Na ƙarfe dai ka san shi, faifan tagulla ne, masu kyau ana haɗa jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, shi ake ce ma B20, masu araha kuma B8, mai kuza kashi 8 kawai. Gidan Zildjian tun 1623 suke wanga aiki, daga Istambul suka fara kafin su koma Amurka. Ba ruwanshi da kuran, ka buga ya amsa, in ka shafa shi a hankali ya yi maka raɗa, in ka zage ya cika fili. Illarshi ƙara, a cikin gida kam sai maƙwabta sun yi maka sallama.

Na roba shi kanshi bebe ne, ka buge shi ba waya sai ka ji ɗas ɗas kamar ana dukan taya. Wani ɗan faifai ne a ciki, piyezo, shi ke jin bugun ya aika ma modil, modil kuma ya duba ƙarfin bugun da inda sanda ta sauka, tsakiya ko baki ko ƙoƙon sama, ya fiddo sautin da aka ajiye mashi, ya ƙara amsa-kuwwa ko ya rage kaifi in ka so. Har kama baki da hannu ka kashe sautin yana yi. To nan ne mutane ke ruɗewa, suna duba girman robar alhali kuɗin ga modil suke. Ƙaramin modil sauti ƙalilan gare shi, kana bugu da sauri sai ka ji abu guda na maimaituwa kamar inji, kunne ya gaji. Roland da suka fiddo V-Drums a 1997 da Yamaha DTX sun fi gyara wannan, Alesis ya fi sauƙin kuɗi.

Amma fa ka tuna Maradi muke. Na taɓa bugu wajen wani biki a unguwar Zariya, ana tsakar rawa gurup ya shaƙe, bafil shiru, modil shiru, ni ko ina ta dukan roba, mai kalangu ne ya ceci dare. Ga ƙurar hunturu tana shiga ramin jak inda ake soka waya, ga zafin Afrilu sama da digiri 40, ka bar roba a rana sai ta bushe.

In koyo za ka yi cikin ɗaki da kaske a kunne, ko ɗaukar sauti a situdiyo ba sai ka sayi makirufo da yawa ba, ɗauki na roba, ka haɗa da regilata. In biki ne a fili, ƙarfe. Kuma in za ka aika Kano a sayo maka na hannu, a gwada maka sharlestan ɗin, wato sambal ɗin da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, da fedal ɗinshi, buɗe da rufe, a turo maka bidiyo kafin ka biya.