Ƙofar gareji mai rimot a Zariya: a fara tambayar batir

Mun saka wa ƙofar garejin gidanmu da ke Hanwa inji ne saboda Baba. Shekaru sun ja, ga ciwon baya, ƙofar kuma ta ƙarfe ce mai nauyi. Ta ga hunturu ta ga damina, don haka ina da abin faɗa ga mai niyya.

Iri biyu aka nuna mana. Akwai mai naɗewa sama irin ta shagunan PZ da Sabon Gari, akwai mai zamewa gefe a kan layin ƙarfe. Mai naɗewar ta fi kyan gani kuma ba ta cin fili, amma wadda muka gani injinta kai tsaye yake shan wuta. Da an ɗauke, sai dai a koma juya ta da hannu. A garin nan kuwa wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin dattijon da aka yi abin dominsa shi zai tsaya a waje cikin dare yana jiran yaro.

Muka ɗauki mai zamewa, da injin Centurion D5 Evo, ƙirar Afirka ta Kudu. An yi shi don ƙofar da ba ta wuce kilo 500 ba, kuma da batir mai bolt 12 yake aiki; wutar gida caji kawai take yi masa. Ko babu wuta, Baba na danna rimot daga cikin mota ƙofa za ta buɗe. Idan batirin ya yi sanyi, akwai makullin da ake sakin injin a tura da hannu. Daga baya muka ƙara masa ƙaramin faifan sola, tun daga nan ban sake jin ƙorafi ba. Sai dai a sani irin wannan batir ba ya son zafi, ba ya son a bar shi ya ƙare ƙaf, kuma wata rana dole a canza shi.

Inda muka sha wahala wajen layin ne. Mai waldar farko bai daidaita shi ba, ƙofa tana zuwa tsakiya sai ta cije, injin ya ɗauka wani abu ta buge ya tsaya. Da mai saka injin ya duba sai ya ce da ni, "Yallaɓai, ƙofar da hannu ɗaya ba zai tura ta ba, kada a ɗora wa inji ita." Sai da aka fasa simintin aka sake. Ƙurar hunturu da yashin da ruwa ke kwasowa su ma suna cika layin, don haka tsintsiya ba ta nisa da wurin.

Abu biyu ba zan yarda a yi musu rowa ba. Na farko idon nan da ake kafawa gefe da gefe, mai hana ƙofa rufewa idan yaro ko akuya ta gitta. Gidan da jikoki ke wasa a bakin ƙofa bai kamata ya rasa shi ba. Na biyu na'urar kare injin daga tsawa da wuta mai ƙarfi.

Kuɗinsa da tsada, kuma farashin yana bin dala. Duk da haka na gamsu, zan kuma ba ɗan'uwana shawarar ya saya, muddin ya tabbatar wanda zai saka masa yana nan kusa, Zariya ko Kaduna, kuma yana da kayan gyara a hannu.