Wata huɗu da ƙaramin UPS da na haɗa wa alam ɗin gidana

Jama'a ga abin da na gani game da ɗan UPS ɗin nan, wato akwatin batiri mai ci gaba da ba na'ura wuta in anka ɗauke, da ake sayarwa don rauta (na'urar rarraba intanet), ni alam ɗin gida na haɗa mashi. Ina zaune Mabera cikin Sakkwato, kuma sana'ata tana yawan kai ni Illela in kwana biyu ko uku, shi ya sa na sa alam mai layin waya a ciki, in anka taɓa ƙofa ko wani ya gitta ta zaure sai jiniya ta tashi kuma ya kira lambata. Adaftar alam ɗin 12V ce, 1A. Damuwar ita ce batirin da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne, da an ɗauke wuta awa biyu ya mutu, alhali ɓarawo ai cikin duhun nan yake zuwa. Wata rana da asuba uwargida ta kira ni ta ce "Maigida, abin nan hwa tun sha biyun dare ba ya ko ƙyaftawa", wallahi ranar ban iya cin kasuwa da natsuwa ba.

Da na dawo na samu wani mai gyaran lantarki, shi ya ba ni shawarar wanga UPS. Gaskiya wajen canjin wuta ban da abin cewa, in anka ɗauke wuta, alam ɗin bai ma sanin an yi, ba ya mutuwa ya sake tashi, layin ma bai yankewa. Na gwada jiniya da rana bayan na sanar da maƙwabta, ta yi ƙara sosai ba ta shaƙe ba, kuma wannan gwajin kar wanda ya tsallake shi don jiniya ta fi zaman jira jan wuta nesa ba kusa ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne lambar da sunka rubuta a kwali ta yawan cajin da yake riƙewa, 10400mAh, wato 10.4Ah. Mutum na gani sai ya ɗauka ya fi batirin 7Ah da ake sa wa manyan alam, nima haka na zata. Ashe lissafin a kan 3.7V ne na ƙwayoyin lithium da ke ciki, in ka mai da shi 12V bai wuce 3Ah da ɗan kai ba, sannan wani abu na zubewa wajen ɗaga wutar. Nawa alam da muka auna yana jan kamar 0.25A a zaune, ya riƙe mani awa goma zuwa sha ɗaya. Dare guda ya isa. Amma randa wuta ta kwana biyu ba ta leƙo ba sai da na kai shi caji shagon wani ɗan'uwa mai sola, gida ya zauna haka nan har la'asar, abin bai yi mani daɗi ba ko kaɗan.

Sai zahi. Kun san Sakkwato a Afrilu da Mayu, ana haura digiri 40, kuma lithium ba ya shiri da zahi. Da farko saman kwaba na aje shi kusa da silin, na taɓa na ji ya yi ɗumi ƙwarai, na sauko da shi ƙasa inda iska ke ratsawa. Don Allah kar a rufe shi cikin akwati ko a kai shi kusa da kwano.

Wajen saye a tahi da adaftar alam ɗin a hannu, a duba bakin filogin ya zauna daram, a kuma tabbatar tsakiyarsa ce fositif kamar yadda zanen jikin adaftar ya nuna, in ya juye yana iya ƙona na'urar. Zan sake sayen UPS ɗin, amma yanzu ina tara kuɗin ɗan faifan sola da kwantirola mai daidaita caji da batirin 7Ah, in sha Allah kafin bazara in haɗa.